Hutun Rana a Gindin Kiren

Bokitin ruwa ne kaya na farko da na taɓa ɗagawa da kiren. Baba Ishaya, maigidan da ya koya mini aikin, shi ya cika shi fal da hannunsa, ya rataye a ƙugiya, ya ce in kai shi ƙarshen fili in ɗora a kan wani bulo ba tare da ɗigo ya zuba ba. Injin da ke ɗaga abin da ya fi mota nauyi, shi aka ba ni in yi dakon ruwan wanka da shi. Kafin bokitin ya isa, rabin ruwan ya ƙare a kan leburori, suna ɗaga kai suna yi mini addu'o'in da ba na alheri ba. Baba Ishaya ya sake cikawa. Haka muka yi ta yi kullum da safe kafin a fara aiki, har damina ta wuce. Ranar da bokitin ya sauka a cike, sai ya ce to, yanzu na iya ɗaukar ruwa, saura in koyi ɗaukar abin da ke kashe mutum.

Na fara muku da wannan ne, ku samarin da ke sallama a ƙofar gidana a Dutse Alhaji kuna neman in yi muku hanya, domin kusan magana ɗaya kuke zuwa da ita. Kun hango mutum zaune a wani ɗan ɗaki can sama, iska na kaɗa shi, yana taɓa sanduna biyu, wata ya ƙare a ba shi albashin da ya fi na magini. Gaskiya ne akwai kujera. Sauran kuwa sai an hau ake sani.

Baba Ishaya mutumin kudancin Kaduna ne, ya hau kiren tun Abuja tana rabin jeji. Ni na shigo ne bayan dawowar mulkin farar hula, lokacin da kuɗin mai ya yi yawa, kowace ma'aikata tana son ta ga hedikwatarta ta ɗara ta maƙwabciya tsayi. Motocin kankare ba sa yankewa a hanya. Da asuba mutane kan kwararo daga Mararaba da Karu da Kubuwa kamar an buɗe madatsar ruwa, da yamma garin ya sake amayar da su. A tsakiyar wannan hada-hada aka dasa kiren, doguwar hasumiyar ƙarfe mai hannu ɗaya miƙe, da tulin tubalan kankare a bayanta don kada nauyin gaba ya rinjaye ta.

Har yau ban daina mamakin injin nan ba. Daga ƙasa za ka rantse a kafe yake kamar dutse, alhali kuwa lanƙwasa yake yi. Idan ka ɗauki kaya mai nauyi, za ka ji hasumiyar duka ta rusuna gaba da kai a ciki, idan ka sauke ta miƙe ta koma baya. Ranar farko da na ji haka na riƙe kujera ina salati. Baba Ishaya yana tsaye a bayana yana cin gyaɗa, ya ce ranar da na ji bai lanƙwasa ba, ranar ce zan gudu, don ƙarfen da ba ya rusunawa karyewa yake yi. Idan gini ya taso ya kusa cim ma hannun, injin da kansa yake ɗaga kansa sama, a zura masa sabuwar gaɓa a ciki, ya ƙara tsayi. Na ga an yi haka sau da yawa, kuma ban taɓa kallo bakina a rufe ba.

Daga can sama za ka ga hadari yana haɗuwa a kan duwatsun Bwari tun mutanen ƙasa suna shanya. Shirwa takan zo daidai tagarka ta tsaya cak a iska, ta dube ka da ido ɗaya, ta wuce. Amma ba kallo aka hau da kai ka yi ba. Kaya a ƙarshen doguwar igiyar ƙarfe ba ya tafiya tare da kai, bin ka yake yi a baya kamar akuyar da ake ja, kuma idan ka tsaya farat ɗaya sai ya wuce ka, ya dawo, ya yi ta lilo a kan mutane. Gwaninta ita ce ka bi shi da hannun injin kaɗan daidai lokacin da ya kai ƙarshen lilonsa, ka tare shi, ya tsaya shiru. Wannan ba a rubuta shi a takarda, a ƙugu da tafin hannu ake jin sa. Ga kuma iska. Damin rodi ba ruwansa da ita, amma faffaɗan allon katako na zubin kankare, da zarar ta same shi ya zama faifai a hannunta.

Wani aiki da ba na mantawa shi ne ranar da muka zura injin sanyaya gini ta wani rami da aka bari a tsakiyar bene, daga rufi har ƙasa. Ramin bai fi injin faɗi da tafin hannu biyu ba. Da zarar kayan ya nutse, ni ba na ganin komai sai igiya tana shiga duhu. A irin wannan aiki direba makaho ne, idonsa shi ne mai ba da hannu, wato mutumin da ke tsaye a inda kake ganinsa, shi kuma yana ganin kayan, yana yi maka ishara: ɗaga, sauke, a hankali, tsaya. Akwai oba-oba, wato rediyon magana na hannu, amma ƙarar wurin gini takan cinye murya, hannu kuwa ba ya shaƙewa. Mai ba ni hannu a ranar shi ne Bitrus, mutumin Filato, yana zaune a Kurudu inda yake ɗan noman doya. Ya girme ni. Ya kwanta rub da ciki a bakin ramin, kansa a ciki, hannunsa ɗaya a miƙe waje, yana murza yatsu biyu a hankali kamar mai barbaɗa gishiri a miya. Da yatsun nan biyu na sauke injin har ya zauna a kan ƙusoshinsa, bai goga bango ba. Da na sauko ya ce, “Oga direba, yau ka yi ƙoƙari, saura kaɗan ka iya aiki.” Na ce ai laifin mai ja ne idan makaho ya faɗa rami.

Tun daga nan duk inda kamfani ya kai ni, nakan nemi a haɗa ni da shi. Na san hannunsa fiye da yadda na san fuskarsa, don daga sama hular kwano kawai kake gani da kafaɗu. Hannun Bitrus ba ya gaggawa, ba ya kuma faɗin abu biyu. Idan ya ce tsaya, to ko gwamna ne ke jira an tsaya.

Abokan cinikin direban kiren su ne duk wanda ke wurin gini. Kafinta na son katakonsa, mai ɗaurin rodi na son rodinsa, magina na jiran bulo, direbobin tirela sun yi layi a bakin geti kowa na son a sauke masa ya koma. Ƙugiya kuwa ɗaya ce. Su direbobin sukan aiko da na goro don a fara da su. Baba Ishaya ya hana mu karɓa kafin aiki. Ya ce abin da mutum ya ba ka bayan ka gama, don ya ji daɗi, wannan naka ne, halal, kuma foman ba shi da kaso a ciki, sai dai ka raba da mai ba ka hannu da masu ɗaura kaya. Wanda aka ba ka tun kafin ka ɗaga kuwa, sayen layin wani ne aka yi da hannunka.

Dokarsa mafi tsanani ita ce ta tsakar rana. Idan aka busa usur na hutu, sai ka janye ƙugiya sama, ka saki birkin juyi don hannun injin ya bi iska yadda yake so, ka kashe wuta, ka sauko har ƙasa. Ba wasa ba ne, domin tsani ne a cikin hasumiyar, babu na'urar hawa, sauka da komawa sukan ci wani yanki mai kyau na hutun. Sabon direba yakan ga wauta ce, ya ce gara ya ci abincinsa a sama. Baba Ishaya ya daɗe a ƙungiyar ƙwadago, kuma shi ya fara gaya mini cewa dokar aiki ta ƙasar nan ta ba duk wanda zai yi awa shida ko fiye a bakin aiki hutun da bai gaza awa guda ba, a dunƙule ko a rarrabe. Ya ce amma doka ba ta da ƙafa, ba za ta shigo fili ta zaunar da kowa ba. Leburan da aka ɗauko da safe a bakin titi ba zai iya ce wa foman lokaci ya yi ba, gobe ba za a ɗauke shi ba. Muddin ƙugiya na motsi, babu mai zama: mai ɗaurawa na tsaye, mai karɓa na tsaye, mai ba da hannu na tsaye. Muddin kuma kana zaune a sama, sai an kira ka a oba-oba an ce ɗan ɗaga wannan guda ɗaya kawai. Saboda haka saukowar direba ita ce hutun kowa. Sai sun ga ƙafarka ta taka ƙasa suke yarda an tashi, Musulmi su nufi rumfar salla, kowa ya nufi masu abinci a bakin geti.

A shekarun yalwa wannan bai zama abin faɗa ba. Kowane kiren direba biyu ne, masu ba da hannu ma biyu, ana karɓar juna. Sai shekarar da ta yi mana tsauri ta zo, a tsakiyar yalwar kuwa. Muna gina wani dogon ofishi, waɗanda suka ba da kwangilar suka riƙe biyan kamfani, amma ba su ɗaga ranar karɓar gini ba. Aka sallami direba na biyu, aka sallami abokin aikin Bitrus, aka rage leburori. Baba Ishaya ya riga ya yi ritaya ya koma gida. Foman ɗinmu, Sule, ba mugun mutum ba ne, mutum ne da ake matsa wa daga sama shi kuma ya matsa ƙasa. Shi ya kawo sabon tsari: za a riƙa ɗaura mini kwanon abinci da butar ruwa a igiya in janye sama, in ci tsakanin ɗagawa da ɗagawa, a biya kowa kuɗin wannan awa a matsayin obataim. Azahar kuma in haɗa ta da la'asar a ƙasa ko in yi ta a ɗan sararin da ke bayan kujera. Mutane da yawa sun yi murna, don lokacin kowa na tsoron sallama, ƙarin kuɗi kuwa ba ya ɗaci.

Ba a daɗe da fara wannan tsari ba, wata rana bayan rana ta karkata, ina ɗauke da damin rodi zan kai hawa na sama inda masu ɗauri ke jira. Bitrus na tsaye a gefen katako yana ba ni hannu. Sai na ga hannun ya ce sauke, alhali damin bai ƙetare kan mutane ba. Na duba da kyau. Hular kwanonsa ba ta kallon kayan, tana kallon wani wuri daban, hannun kuma yana karkarwa, yana ci gaba da cewa sauke, sauke, kamar ba da sanin mai shi ba. A ƙa'idar aiki, ishara ta mai ba da hannu ce, amma tsayawa ta kowa ce. Na tsayar da damin a sama, na mayar da shi a hankali inda na ɗauko shi, na ce a oba-oba birki nake dubawa. Ina kallo Bitrus ya ja jiki ya jingina da ginshiƙi, wani mai ɗaurin rodi ya miƙa masa lemon kwalba. Bayan ɗan lokaci ya miƙe, hannunsa ya dawo yadda na san shi, muka ƙarasa yinin.

Da aka tashi na tare shi a wurin mai gasa masara, nesa da geti. Da farko ya ce rana ce. Na ce na ga rana ta dake shi shekara da shekaru, ban taɓa ganin ta sa hannunsa ya yi ƙarya ba. Ya daɗe yana juya masara a hannu kafin ya gaya mini. Ciwon suga ne, likita ya gano masa tun bara. Yana shan magani da safe, kuma sharaɗin maganin shi ne ya ci abinci mai nauyi da tsakar rana. Idan ya ci, lafiyarsa ƙalau kamar kowa. Idan lokacin ya wuce, sai gumi da rawar jiki, kansa ya ɗaure. Ni ina da kwano a sama, shi kuwa hannuwansa biyu na aiki ne, ba shi da na cin tuwo. Ya ce idan Sule ya ji, a irin wannan shekara, ba za a tsaya tambayar likita ba, za a ce mai ciwo ba ya ba da hannu, kuma labari zai riga shi zuwa kowane fili a garin.

“Yara uku na makaranta, Malam Haruna,” ya ce. “Doya ba zai biya ba.”

Na gaya masa abu biyu, kuma ban sassauta ko ɗaya ba. Ba zan faɗa wa kowa ba. Ba kuma zan sake ɗaga ko tsinke da hannunsa ba idan bai ci abinci a kan lokaci ba, domin waɗanda ke ƙarƙashin kaya su ma suna da yara. Ya tambaye ni yadda za a haɗa biyun nan. Na ce ya zo da abincinsa gobe.

Washegari da rana ta take, aka ɗaura mini kwano kamar kullum. Ban janye shi ba. Na ɗage ƙugiya, na saki birkin juyi, na kashe wuta, na kama tsani. Tun ina tsakiya nake jin muryar Sule a oba-oba tana tambayar me ya lalace. Da na taka ƙasa fili ya yi tsit, ba a saba jin sa haka ba. Mutane suka tsaya da kaya a hannu suna duban foman, suna dubana. Sai wani tsohon kafinta ya ajiye gudumarsa ya nufi famfo yana naɗe hannun riga, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Na hango Bitrus ya zauna a inuwar tulin bulo ya buɗe kwanonsa, bai dubi inda nake ba.

Sule ya ce in koma. Na ce zan koma idan awa ta cika. Ya ce ai ana biyana kuɗinta. Na ce a riƙe kuɗin, hutun nake so, kuma doka ta ba ni. Ya ce direbobi suna nan zaune a Mararaba ba aiki, waya ɗaya zai buga. Ya kuwa buga a gabana. Wanda ya fara samu yaron Baba Ishaya ne, ya ce zai zo da murna, amma shi ma yana saukowa da rana. Na biyun ya ce ba ya hawa kiren da mai shi ke tsaye a gindinsa. Ban haɗa baki da kowa ba, ban ma san wa zai kira ba. Baba Ishaya yana can ƙauyensu yana kiwon aladu da kaji, amma ga shi yana magana ta bakin mutanen da ya koyar. Wannan abu ya girgiza ni fiye da faɗan Sule.

Aka kai magana gaban Injiniya Hadiza, wadda ke riƙe da aikin gaba ɗaya. Mace ce mai ƙarancin magana, kuma ta san aikinta. Ba ta musa dokar ba, ta ce ta san da ita. Abin da ta tambaya shi ne me ya sa sai yau, bayan na yi kwanaki ina cin abinci a sama ban ce uffan ba.

“Wani ne ya kawo maka kuka?” ta ce.

“Babu wanda ya aiko ni, ranki ya daɗe.”

“Ba ita na tambaya ba.”

Ta dube ni, ta leƙa taga inda mutane ke zazzaune suna cin abinci, ba ta sake tambaya ba. Sai ta kawo tata matsalar, wadda ta fi ta Sule nauyi. Jibi za a zuba kankaren bene, kuma kankare ba ya jiran kowa. Idan aka fara zubi aka tsaya awa guda, na farko zai fara daskarewa, na biyu ba zai haɗe da shi ba, a bar rauni a cikin ginin da mutane za su zauna ƙarƙashinsa shekaru masu yawa. Ta ce doka ta ba ni awata, amma ba ta ba ni ikon ɓata bene ba. Gaskiya ta faɗa. Ita ce ta zauna ta fitar da hanya: a ranakun zubi za a fara tun da sassafe, a raba benen gida biyu a inda zane ya yarda a yi mahaɗi, a huta tsakanin biyun. Idan zubin ya fi ƙarfin haka, a ɗauko direba da mai ba da hannu na haya na yini ɗaya su karɓe mu. Sauran ranaku kuwa usur zai dawo. Ta ce kuɗin hayar daga wani wuri za ta yanko shi, kuma za a tambaye ta dalili, kuma za ta faɗi sunan wanda ya jawo.

Ba kowa ya gode mini ba. Wasu leburori sun daina gaishe ni, don obataim ɗin da suka fara sabawa da shi ya tafi, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Aka yi zubin yadda ta tsara, benen ya fito sumul. Bitrus yana cin abincinsa a kan lokaci, hannunsa bai sake faɗin abin da ba shi ne ba har muka kai gini ƙarshe. Da aka kwance kiren za a kai sabon fili, aka kira sunayen waɗanda za su bi shi. Akwai Bitrus, babu ni. Ba a ce an kore ni ba, an ce za a neme ni.

Na yi watanni a gida. Na yi ɗan aikin ɗaga kwantena da ƙaramin kiren na mota a nan da can, matata ta ƙara yawan ƙosan da take soyawa. Abin da ya fi damuna shi ne na ji an ba kiren ɗin wani sabon direba da aka kawo daga wani gari, wanda bai san Baba Ishaya ba, kuma Sule ne foman a can. Na san kwano zai koma igiya, Bitrus kuma ba shi da wanda zai sauko masa.

Wata Asabar da hantsi sai ga shi a ƙofar gidana, da doya ɗaure a bayan ɗan acaɓa. Muka zauna a zaure. Ya tabbatar mini da abin da na zata: tun makon farko aka ɗaura wa sabon direba kwano. Ya ce ya kwana yana tunani, ya ga ba zai yiwu kowane fili sai an samo wanda zai rasa aiki dominsa ba. Da rana ta take, direba na jiran ishara, sai ya ba shi alamar tsayawa, ya harɗe hannuwansa a ƙirji inda kowa ke gani, sannan ya nemi inuwa ya buɗe kwanonsa. Kiren ba ya motsi babu mai ba da hannu. Sule ya taso da faɗa, shi kuma ya ce a kai shi wurin Injiniya Hadiza, don ita ke riƙe da wannan aikin ma. A gabanta da gaban Sule ya faɗi ciwonsa da bakinsa, da sunan maganin, da abin da ya faru ranar damin rodi.

Na tambaye shi ko ya san abin da ya saka a faifai. Ya ce ya sani, har ya gaya wa matarsa ta fara neman mai sayen gonar. Injiniya ta dakatar da shi, ta tura shi asibitin da kamfani ke hulɗa da shi. Ya yi kwanaki a gida bai san matsayinsa ba. Likita ya auna shi ciki da bai, ya ce mutumin nan zai iya aikinsa sarai, abu ɗaya yake bukata, ya ci abinci da tsakar rana. Injiniya ta ce wa Sule wannan ai ba alfarma ba ce, abin da doka ta riga ta ba kowa ne, kada ta sake ganin kwano a igiya.

“Ya tambaye ni ko tsohon direba ya san da ciwon,” in ji Bitrus, yana nufin Injiniya. “Na ce wannan mutumin, daga sama har kuɗin aljihunka yana gani.”

“Sai ta ce me?”

“Ya yi dariya kaɗan.”

Ba a mayar da ni wannan kamfani ba, wani ne ya ɗauke ni daga baya, na ƙarasa shekaruna a can. Bitrus kuwa ya ci gaba da ba da hannu a wurinsu har ƙarfinsa ya ce ya isa, ya ajiye hula da kansa, yaransa uku duk sun gama makaranta. Amma a ranar ba mu san haka ba tukuna. Muna zaune ina yi masa faɗan ganganci, yana yi mini faɗan taurin kai, sai ya leƙa waje ya dubi inuwar katanga, ya gyara zama.

“Malam Haruna, rana ya yi tsaka,” ya ce. “Ka faɗa wa madam a kawo abinci. Ni yanzu har likita ya sa hannu, ba a wasa da ni a wannan lokaci.”